Koriyar Ƙofar Mataki na Tara

Shekara ashirin da biyu Fawwaz ya yi yana amsa waya a kamfanin Zarzur da ke unguwar Jabal Luwaibda a Amman, kuma a iya sanina ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi. Sai dai duk Alhamis yakan sabunta ta.

Mu ne muka yi Akuyar Abu Salim, wasan kwamfutar nan da ya hana yaran Amman karatu a zamaninsa: akuya ta tsinke igiya tana hawa matakalan gari, mai ita na biye da takalmi a hannu. Duk wanda ya maƙale sai ya kira Fawwaz ya gaya masa inda zai bi. Lokacin wayar ba ta hutawa, falafel ɗinsa ma, ƙosan can, a tsaye yake ci.

A mataki na tara akwai wata koriyar ƙofa. Ni na zana ta, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau. An so a sa ɗaki a bayanta, sai salla ta matso, maigida ya ce a saki wasan haka nan. Babu komai a bayan ƙofar, ko bango. Ranar da aka fara tambayar Fawwaz yadda ake buɗe ta, kunya ta kama shi, ya ce sai akuya ta ci ɓaure bakwai.

Yara suka gaji, suka girma. Wasannin da muka yi daga baya ko kallo ba su ishi kowa ba. Daga mu arba'in muka koma shida, a ɗaki biyu saman shagon mai kayan zaƙin nan kunafa. Wayar ta yi tsit, in ban da Ummu Ra'id, tsohuwar malamar lissafi a Irbid, wadda ta taɓa ƙwace faifan wasan a hannun ɗalibinta don ta ga abin da ke lalata mata aji. Ita ta fi kowa lalacewa. Duk Alhamis bayan la'asar takan kira ta ce dabarar makon jiya ba ta yi ba, Fawwaz ya share gumi ya ƙirƙiro wata: ta shiga da baya, ta gwada ranar Juma'a, ta jira akuya ta yi kuka. Mu muna dariya har da hawaye, shi yana ajiye waya yana istigfari.

Da aka sanar da mu za a rufe kamfanin ƙarshen wata, ba aikin ne ya dame shi ba. Alhamis ɗaya ta rage kafin a yanke layin, in bai faɗa ba, matar nan za ta yi ta tunkuyin ƙofa har kabari. Kwana uku yana rubuta jawabi yana yagawa. Ya ba ni tausayi ƙwarai, don rabin laifin nawa ne.

Ranar da ta kira, muka kewaye shi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, ki yafe mini. Ƙofar nan ba ta buɗuwa. Babu komai a bayanta."

"Abu Mazin," in ji ta, don da alkunyarsa take kiransa, "ni da na shekara talatin ina kama masu satar amsa? Tun ɓaure na gane ka. Ina jira ne in ga ranar da za ka faɗa da bakinka. Ka makara, amma na ba ka maki biyar cikin goma."

Idon Fawwaz ya ciko. Sai ta tambaye shi wane malalaci ne ya zana ƙofa ba ɗaki. Mutumin da bai iya ƙarya biyu ba, ya dube ni, ya karanta mata lambar wayata.

An rufe Zarzur wata shida ke nan. Duk Alhamis bayan la'asar Fawwaz yakan zo gidana da kunafa, in ɗauko takarda da fensir, mu sa wayar a tsakiya, Ummu Ra'id na kan layi, ina zana mata ɗakin bayan ƙofar. Mun gama bango da taga. Labulen ne har yanzu ta ce bai yi ba, in sake.