Hannun da Baba Ya Miƙo Daga Kan Katanga

Jama'a, abin nan da zan gaya muku wallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na yi shekaru ko matata ban iya faɗa wa ba. A shekarun saba'in ne, bayan babbar yunwa ta ɗan lafa, ina aikin zanen gine-gine a wani biro, wato ofis, a Damagaram, ana yawan tura ni Tanut duba ginin lakwal, wato makaranta, da na gidan likita, tunda ni ɗan Damargu ne, a Belbeji aka yanke mini cibiya.

Babana magini ne, na ƙasa. Tun ina ƙarami yakan hau katanga ya zauna kamar mai hawan jaki, ni ina ƙasa ina jefa masa tubali yana cafewa, ko kallo ba ya yi. Da na yi karatu na fara riƙe fensir sai kaina ya kumbura, gaskiya ke nan, ginin ƙasa ya fara ba ni haushi.

Ana nan sai wani kamfanin Turawa mai sayar da siminti da kwanon rufi ya ce zai ɗebi masu zanen gini ya kai su ƙasarsu sati uku, jirgi da masauki da abinci duk a wuyansa, a nuna mana masana'antarsu, don in mun dawo mu riƙa sa kayansu cikin zanenmu. Mun san dalilin sarai, amma wa zai ƙi? Sunana ya fito, murna kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha.

Na je Belbeji sallama, na tarar Baba ya fara gina mini ɗaki don aurena ya matso, katanga ta kai ƙirji. Ya ce in tsaya kwana uku in taya shi, da hannunsa yake so ya gama, ga ƙarfi ya fara gudu. Ni kuwa, a gaban ƙannena da maƙwabta, na ce ya daina wahalar da kansa, in na dawo rushe shi zan yi in zuba siminti. Ya ci gaba da yaɓensa. Kun san a wajenmu matafiyi ba ya fita sai ya durƙusa gaban iyayensa ya nemi gafara, ko da Agadas zai je. Na nemi ta Inna, ta Baba kuwa na ce a raina sai na dawo, mota na jira.

Sati na biyu a can, da hantsi, rana tarwai, ana zagayawa da mu wani fili inda suka gina katangu na gwaji, mu wajen ashirin kowa cikin kwat, Baturen kamfani a gaba yana ta bayani, sai na ji ƙanshin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, irin wadda ta kwana da ciyawa a ciki. Na ɗaga kai. Wallahi tallahi Baba ne zaune kan katangar siminti, da ƴar shararsa, ƙafafu duk laka, ya miƙo hannu ƙasa yadda ya saba. Ya kira sunana. Ku gane, ni ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "kai" ko "wannan".

Ya ce, "Miƙo mini ɗaya."

Ba tsoro na ji ba, kuma abin da ke cina ke nan har yau. Kunya na ji. Na saci kallon abokan tafiyata kada wani ya ga tsohon nan mai laka ya gane nawa ne, na cusa hannu a aljihu, na kau da kai na bi bayan Bature. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, katangar ba kowa. Na ce wa kaina gajiya ce da baƙon abinci.

Lokacin ba wayar da ke kaiwa Belbeji. Na dawo da akwati cike da takardun kamfani da wani bargo da na sayo masa, tun a tasha wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ya haƙuri. Har an yi sadakar bakwai. Na lissafa kwanaki, ranar ce, hantsin ne.

Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Yana kan katangarka ya miƙa hannu inda ba kowa, ya ambaci sunanka, har na fito daga madafa don mamaki. Ya daɗe hannun a miƙe. Sannan ya sauko ya ce mini, 'Yaron nan ya gan ni, ya kau da kai.'"

Ta ce daga nan ya kwanta, bai kai la'asar ba. Na tambaye ta ko ya ce ya yafe mini. Ta ce bai ƙara magana ba.

Na tambayi malamai, kowa da abin da ya faɗa, ni dai ban san yadda mutum zai kasance a Belbeji da ƙasar Turawa a sa'a ɗaya ba, kuma na daina neman sani. Abin da zan ce muku, kada mota ko jirgi ya hana ku durƙusa wa iyayenku, kuma in naku ya kira ku, ko a ina ne, ko a gaban wa, ku amsa. Ni yanzu na tsufa, na yi ritaya, amma har gobe ba na wuce ginin da ake yi ban ɗaga kai na duba saman katanga ba. Bai sake zuwa ba.