Gudu da Sifana a Cikin Ƙanƙara

Abin da nake tsoron rasawa a shekarar nan guda ɗaya ne, amma rassansa uku. Zangon ƙarshe ne na gudun da muke yi mu mutanen Sharada da Challawa, mu kara da na Bompai. Mai wannan zango shi ke shiga filin da jama'a suke jira, shi ake ɗagawa sama idan an ci, shi kuma ake yi wa tsiya har shekara ta zagayo idan an sha kaye. Ni nake riƙe da shi tun ina da gashi a tsakiyar kai, kuma duka ukun ina son abina.

Ba wata babbar gasa ba ce, mu muka ƙirƙiri abinmu. Kowa ya yi zangonsa ya miƙa wa na gaba, sai dai mu ba sanda muke miƙawa ba, sifana ce ƙatuwa irin ta kwance inji. Dokarta a riƙe ta a tafin hannu, ba a sa ta a aljihu, ba a soke ta a ƙugu.

Ni dillalin tsofaffin injina ne. Da wanke kayan gyara da kananzir na fara a bakin wata masana'anta a Sharada, har Allah ya kai ni ga sayen nawa. A shekarar na sayi injinan wata masaƙa da aka rufe a wani gari a Poland, kuma dole in tsaya a kan kwance su da kaina, don in san yadda za a mayar da su idan sun iso Kano. Tafiyar ta faɗo tsakiyar sanyinsu.

Kafin in tashi, tsohon makaniken da ke tsara mana gudun, wanda kowa ke ce wa Baba, ya kira ni gefe.

"Alhaji, za ka je ka yi ta cin burodi da man shanu ka dawo mana da tumbi. Ga Badamagaren nan ya ƙosa ya karɓi zangonka."

"Baba, ku ba ni zuwa dawowata. Ku gwada mu, wanda ya riga ya ɗauka."

Badamagaren ma'aikaci ne a wata majema a Challawa, dogo, ƙafafu kamar na zalɓe, kuma abokin wasana ne tunda ni Bakano ne. Ina sauka can saƙonsa na murya ya riga ni isa: "Bakano, an ce garin nan ko yawu ka tofar dutse yake zama kafin ya sauka. Ka lulluɓa da bargo ka huta, sifana ta samu masu ita."

Na mayar masa: "Kai bawan Kanawa, ka ci gaba da goge mini ita, ina nan zuwa."

Washegari na yi abin da duk mai gudu a Kano zai yi. Mu zafin rana muke gudu, don haka da an idar da Asuba ake fita kafin gari ya yi zafi. Na yi alwala, na yi salla, na jibga riguna huɗu da wando biyu, na zari sifana daga akwatin kayan aiki na fita. Safar hannu kuwa na ƙi sawa, don a ganina wanda zai riƙe ƙarfe da fatar hannunsa ran gasa, da fatar hannunsa ya kamata ya saba.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irin titin nan ba. Fari fat, fitilu na haska shi, babu adaidaita sahu, babu tirela, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmina kamar ana tauna ƙuli-ƙuli. Murna ta kama ni na buɗe ƙafa. Ban yi nisa ba na ji fuskata ta yi nauyi. Na shafa gemu na ji ya zama tsinke, sauran ruwan alwala ya daskare a ciki. Na yi dariya, na je zan sauya wa sifana hannu, sai ta ƙi. Ta manne a tafina kamar an yi mata walda.

A haka na nufi masaƙar, hannu a sama riƙe da sifana, gemu fari, kamar mai zuwa ɗaukar fansa. Shugaban ma'aikatan da na ɗauka, wani ƙato mai jan fuska, ya gan ni ya ja da baya tukuna, sannan ya gane abin da ya faru. Ya kamo hannuna da sauri yana cewa kada in fizge, ya zuba ruwa mai ɗumi a hankali har ƙarfen ya saki. Duk da haka sai da ya tafi da 'yar fata. Da ya tabbatar yatsuna suna motsi, ya zauna a kan akwati ya yi dariya har da hawaye.

"Me ya fito da kai yanzu? Rana fa ba ta fito ba!"

Da guntun Turancina na ce masa ai ranar nake gudu. Ya sake fashewa. Ya ce a nan nemanta ake yi, in ta leƙo da tsakar rana kowa fitowa yake.

Ba na jayayya da kasuwar da na tarar. Na mayar da guduna bayan Azahar, na sayi safar hannu, na naɗe sifana da tsumma, na rage rigunan don gumi a cikinsu yake zama ruwan sanyi. Na bi bakin kogin garin, wanda ya daskare har yara suna wasa a kansa. Tsofaffi masu yawo da karnuka suka saba da ni, wata tsohuwa kullum sai ta ɗaga sandarta ta gaishe da sifanata.

Matsalar ita ce ranakun da iska ke tasowa da ƙanƙara, ko gabanka ba ka gani. Ran nan ina tsaye a cikin masaƙar ina cizon yatsa, sai na lura da tsawon zauren. Injina jere daga wannan bango zuwa wancan. Na kira shugaban ma'aikata na ce a bar tsarin da muka yi, a fara kwance na jikin bango duka, zagaye. Ya ce na tsakiya ne aka yi wa alkawarin kwantenar farko, wadda wani mai masana'anta a Bompai ke jira. Na ce na sani. Cikin 'yan kwanaki hanya ta buɗe, na samu fili mai rufi nawa ni kaɗai. Ina zagayawa suna buga guduma a jikin ƙarfe suna ihu da yarensu, ni kuma ina amsa musu da Hausa.

Na dawo Kano zafi ya fara. Baba ya sa gwajin da safe, daga Sharada zuwa ƙofar majemar su Badamagaren, kowa da sifanarsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ina tumbin?"

"Na bar shi a kwastan, Baba."

Aka hura usur. Farkon hanya na ji kamar tashi zan yi, babu santsi, babu nauyin riguna. Amma da rana ta ɗaga na gane jikina ya manta da ita. Gumi ya rufe mini ido, warin jima ya cika mini ƙirji, Badamagaren ya zo kafaɗa da kafaɗa yana cewa, "Bature, a kawo maka lema?" Wata tirela ta fito daga kwana, shi ya ɗan rage, ni kuwa ƙafata da ta saba neman wurin takawa a kan santsi ta bi ta gefen kwata ba tare da na yi shawara da ita ba. Da taku kaɗan na riga shi taɓa ƙofar, na zube a gindinta. Shi ya kwara mini ruwa a ka, yana cewa aljanun ƙanƙara na ɗauko.

Da yamma na zauna na yi lissafi. Farce biyu na ƙafa sun fita. Mai masana'antar Bompai da ke jiran kwantenar farko ya gaji da jira ya sayi injinansa a wurin wani, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wannan asara ce ta gaske, ba zan rage mata nauyi ba. A ɗaya ɓangaren, zangon ƙarshe nawa ne shekara guda cur. Na duba, na sake dubawa, na ga riba na ci.