Inda Ƙugiya Ta Kama Ɗan Giwan Ruwa

Gidanmu yana bayan kasuwar Katako. Tun safe injinan yanka suke ruri, unguwa ta cika da ƙamshin sabon itace. Rana na faɗuwa sai su yi tsit, sanyin Jos ya gangaro daga duwatsu ya shiga ƙashin mutum. Lokacin ne ni da yayana Sabi'u muke kwaso guntayen katakon da kafintoci suka zubar, mu kai wa Kaka ta hura murhu a ƙarƙashin rumfar kwano.

Kaka Ladi mahaifiyar babanmu ce. A Ibi aka haife ta, bakin kogin Binuwai, cikin gidan masunta. Aure ne ya kawo ta Jos zamanin da kakanmu yake aikin kuza. Ta rabu da kogi, amma ba ta rabu da kifi ba, don suyarsa take yi tana sayarwa a ƙofar gida. Wani dattijo Birom, Baba Pam, shi yake kawo mata abin da ya kama da fatsa a tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield. Yana ajiye bokiti zai ce, "Mama, yau tarwaɗa ya yi ƙiba, duba wannan, shi ne oga."

Kaka ba ƙiba take fara dubawa ba. Bakin kifin take buɗewa da babban yatsa ta karkata shi wajen hasken wuta. In ta ga huji a gefen baki, sai ta ce wannan ya ɗauki tana ya juya zai tafi, ƙugiya ta zame ta maƙale a lungun leɓe. In a leɓen sama ne ko a ganda, sai ta ce mai fatsa yana farke, ya fizga da wuri. Ranar da ta tarar da zare ya nutse har maƙogwaro kuwa, sai ta ɗago kai.

"Pam, ka yi gyangyaɗi a bakin ruwa."

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Ƙarami kawai na yi, Mama."

Wata rana bayan magariba ciniki bai ƙare da kifin ba, Kaka ta ba mu ɗaya mu raba. Sabi'u ya ga ina cire ƙaya a hankali, ya ji tsoron kada rabona ya fi daɗewa a gabansa yana kallo, sai ya tura nasa a baki gaba ɗaya. Can na ga idonsa ya firfito, hawaye na zuba, yana nuna wuya. Na tsorata ƙwarai. Kaka ko tashi ba ta yi ba. Ta riƙe haɓarsa, ta leƙa, ta mulmula lomar tuwo ta tsoma a miyar kuɓewa.

"Maigidana, daina kakarin nan, ƙara shigewa take yi. Tsaya cik. Haɗiye wannan."

A loma ta biyu ƙayar ta wuce. Ya zauna yana sheshsheƙa, ita kuma ta jawo shi jikinta ta lulluɓe mu da gefen mayafinta. Ta tura katako cikin wuta, sannan ta ce abin da takan ce in za ta fara: "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai shigo da ita?"

Muka ce, "Mu ne, ta shigo ta ji ɗumi."

Ta ce a kogin garinsu an yi wasu 'ya'yan giwan ruwa biyu, wa da ƙanwa. Wan bakinsa kamar ƙwarya, duk abin da ya gifta sai ya zuƙe shi kafin ya tambayi ko mene ne. Ƙanwar kuwa mai ɗanɗane ce. Wata shekara ruwa ya ja baya, abinci ya yi wuya. Suna yawo sai ga tana jajur tana lilo a tsakiyar ruwa, babu ƙasa a ƙarƙashinta. Ƙanwar ta yi mamakin tanar da ke tsaye a inda ba a tsayawa, amma yunwa ta fi mamakin. Ta kama wutsiyar da bakin leɓe, ta juya za ta gudu, ƙugiya ta cafke ta a gefen baki.

Wani tsohon masunci ya jawo ta cikin kwalekwale. Ya auna ta da tafin hannu ya ga ba ta kai ba. Da yake ƙugiyar a waje take, sau ɗaya ya murɗa ta fita. Ya mayar da ita ruwa ya ce, "Je ki girma."

Ta koma gida da huji a leɓe. In za ta yi magana sai ruwa ya bi ta hujin ya yi fito. A nan Kaka takan murguɗa baki ta kwaikwayi muryar, kowace kalma da ɗan fiit a ƙarshenta, mu kuwa mu riƙe ciki. Wan ya sa ta gaba da tsokana, ya raɗa mata suna Mai Usur. Ya ce laifinta ne da ta tsaya wasa da leɓe. In shi ne, haɗiyewa zai yi gaba ɗaya, ƙugiya ba za ta ma ga leɓensa ba.

Haka kuwa aka yi. Da tana ta sake saukowa ya buɗe ƙwaryar bakinsa ya zuƙe. Ƙugiya ta wuce leɓe, ta wuce ganda, ta je ta kafe a maƙogwaro. Ya ja gabas, ta ƙara shiga. Ya ja yamma, ruwa ya fara yin ja.

"To ina Mai Usur?" Kaka ta tambaye mu. "Ta ce Allah ya ƙara?"

Muka ƙara matsowa jikinta, ta ci gaba.

"Ba ta ce ba. Ta zo kusa da kunnensa ta ce, Yaya, daina ja. Bi zaren, ka matsa wajensa ya yi sako-sako, mai kwalekwale ya zaci ba kowa. Ni ina zuwa."

Ta nutsa ƙasa ta je ramin wata tsohuwar ƙaguwa. Ƙaguwa ba ta shiri da giwan ruwa, don sun sha cinye mata jikoki. Ta leƙo ta ce me zai sa ta fito. Ƙanwar ta yi ta roƙo, tana roƙo leɓe na fito, har dariya ta kama tsohuwar. Ta ce, "Don muryar nan taki zan je, ba don shi ba." Ta hau bayanta suka tafi, ta sa almakashinta ta datse zaren. Masunci ya jawo ya ga wayam.

Wan ya tsira, amma ƙugiyar ta zauna a wuyansa har sai da ta yi tsatsa ta karye da kanta. Duk tsawon lokacin nan gansakuka yake lasa, muryarsa ta dushe. Gida ɗaya, ɗaya na fito ɗaya na gurnani, har sauran kifaye suna zuwa sauraro.

Kaka ta ce, "Baƙuwa ta ji ɗumi, ta kama hanya. Ku tashi ku wanke hannu."

Sabi'u ya tambaya cikin dasasshiyar murya ko da shi ake. Ta ce ita kifi ta ambata, in ya ga kamanni shi ya sani.

Na girma ina ɗauka labarin haɗama ne, a ci abinci a hankali, shi ke nan. Kaka ta daɗe da rasuwa kafin in gane akwai saura.

Yanzu Sabi'u yana da rumfarsa a Katako, ni kuma ina koyarwa a makarantar firamare. Wata rana na je wajensa zaɓen katakon benci, sai saƙon murya ya shigo wayarsa. Wani ne yana haki yana cewa an fara a Abattoir, unguwar mayanka, mutane na ta gudu, kowa ya kwashe nasa. Duk wanda ya zauna a Jos ya san abin da kalmar an fara take yi wa zuciya, don rikici ake nufi. Kafin in buɗe baki Sabi'u ya tura wa 'yan uwa gaba ɗaya, ya ce wa yaransa su ja ƙofa, ya ɗauki mukullin babur zai je ɗauko 'ya'yansa. Maƙwabta suka ga yana rufewa, su ma suka fara tattara kaya.

Na riƙe hannun babur ɗin na ce, "Yaya, tsaya cik. Wa ya gani da idonsa?"

Na tsallaka rumfar Oga Tunde, Bayaraben kafinta da matarsa ke sayar da kayan miya a Abattoir. Shi da Sabi'u sun kwana biyu ba sa gaisawa saboda rigimar wurin ajiye kaya. Ya dube ni, ya dubi Sabi'u daga nesa, ya kira matar ya sa wayar a sifika. Dariya ta hana ta magana. Ashe bijimi ne ya tsinke igiya ya kubce wa mahauta, ya bi layin masu tumatir. Na gaba suna gudun sa, na baya suna gudun gudun na gaba. Har an kama shi.

Sabi'u ya yini yana kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya yana janye maganarsa. Gwaggonmu ta ce sai ta gama kukan da ta fara tukuna. Da yamma ya sayo tsire ya kai wa Oga Tunde, ya ce wataƙila ma naman mai laifin ne. Suka zauna a kan katako ɗaya suka ci.

A hanyar gida na yi ta tunani. A labarin Kaka ba wanda ƙugiya ta ƙyale, har mai hankalin sai da ta ji ta. Ba ta taɓa yi mana alkawarin ba za a kama mu ba. Abin da ta so mu riƙe shi ne mu taɓa abu da leɓe kafin ya wuce wuya, in kuma ya riga ya wuce, mu daina fizga mu saurari wanda ke kusa. Kuma na lura ba ta sa ceto a hannun wani babban kifi ba. Ta sa shi a hannun ƙanwar da aka yi wa dariya da maƙwabciyar da ba a shiri da ita. A gari irin namu, ban san wata tarbiyya da ta fi wannan amfani ba.