Goggo Hanne da Bencin Ƙarshe

Sabuwa

Taurari ba su gama gushewa ba muka fito daga gida ranar Juma'a, ni da Goggo Hanne, yayar babana. Ina riƙe da jaka, ita tana riƙe da gefen hijabina, don idanunta sun fara barinta. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Hasken zai riƙa ja baya ne a hankali, kamar fitilar da mai ke ƙare mata.

Abin da ya fito da mu bai kai minti ɗaya ba. A wata ƙasa ta gabas mai nisa, inda darensu yake azahar ɗinmu, ana gasar guje-guje ta duniya, kuma a ranar ne mata za su yi karon ƙarshe na gudun mita ɗari huɗu, wanda ake zagaya fili sau ɗaya ana tsallake shinge goma. Allon waya ya yi wa idon Goggo ƙanƙanta. 'Yarta, Yaya Binta, da ke aure a Ƙanƙara, tana da babbar talabijin da sola. Can muka nufa.

Goggo ta yi irin wannan gudu tana makarantar horon malamai ta mata. Ba su da shingen gaske, bencinan aji ake jera musu a fili. Ranar zaɓen waɗanda za su gasar jiha tana gaba da kowa, sai ƙafarta ta doki bencin ƙarshe, ta karye a idon sawu. Mota ta tafi ba ita. Tun daga nan mafarkinta ɗaya ne: tana gudu, tana tashi sama, tana sauka, da ta iso bencin ƙarshe sai kiran assalatu ya tashe ta.

"So nike in ga mi ke bayanshi, Hafsa," ta ce da ni a tasha, "kafin hasken ya ɗauke."

Ɗandume zuwa Funtuwa

Motar ba ta tashi ba sai da gari ya waye tangaran. Yanzu babu direban da ke fita da duhu a hanyarmu. Ƙarshen damina ne. Dawa ta fi mutum tsayi, raɓa na ƙyalli a ganyenta, gajimare na bin mu kamar garken tumaki marar makiyayi. Goggo ta ce in riƙa faɗa mata launin abubuwa, na yi ta faɗa: ga kore mai duhu, ga balbela fara a bayan saniya.

A wurin bincike wani soja ya leƙo. "Mama, sai ina?"

"Kallon gudu, ɗana."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ɗaga mana hannu.

Mairuwa

Mun sake mota a Funtuwa, muka daɗe kafin ta cika. Da muka shiga ƙasar Faskari, direban ya tsaya a Mairuwa lodin buhunan sabuwar masara. Na saya mana gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, amma Goggo ta kasa ci. Fuskarta take ɗagawa tana auna rana da zafinta.

"Malam direba, buhunan ga ba su da azahar. Ni ina da ita, gasar gudu zan kalla a talabijin."

"Hajiya, ɗiyarki ce a gasar?"

"Ni ce. Tun kana goye na shiga, har yau ban ƙarasa ba."

Motar ta kwashe da dariya. Direban ya bar sauran buhunan a bakin titi, ya ce wa mai su ya jira ta baya.

Mabai

Daga mararrabar Sheme hira ta mutu, kowa na motsa baki da addu'a, idanu a kan daji. Kusa da Mabai ruwa ya cinye gefen kwalbati, aka ce mu sauka mota ta wuce ita kaɗai. Wata 'yar siririyar ƙorama ce ta ratsa hanya, yaro ma zai haura ta. Goggo ta tsaya cak, ta ja ni muka zagaya ta cikin gona. A nan na tuna ban taɓa ganin ta tsallake komai ba, ko tabarma, ko kwatar ƙofar gidanmu. Zagayawa take yi.

Ƙanƙara

Ana kiran sallar Juma'a muka sauka. Yaya Binta ta tarbe mu da fuskar da ta faɗi labarin kafin bakinta: iskar ruwan jiya ta tumɓuke kwanon tauraron ɗan'adam na talabijin ɗin, yana can kwance a bayan ɗaki.

Goggo ta zauna a bakin gado, ta kwance gyalenta. "Ba komi. Allah bai nufa ba."

Maƙwabciyarsu Hajiya Dije, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta shigo gaisuwa ta ji zancen. Ɗanta ne mai gidan kallon unguwar, kuma duk Juma'a ita yake bar wa makulli in zai tafi masallaci. Ta kwance bakin zanenta, sai ga shi.

"Hajiya, mace a gidan kallo?" in ji Yaya Binta.

"Mazan duk suna sahu, Binta. Wa zai kai ƙararmu, benci? Ku tashi, kafin liman ya sallame."

Titin wayam, ba kowa sai awaki da muryar huɗuba daga lasifika. Cikin gidan kallon duhu da warin fetur. Yaya Binta ta ja igiyar janareto ya yi tari ya mutu, ta sake ja ya ƙi. Hajiya Dije ta ture ta, ta ɗaure zane, ta yi bismilla ta fizga. Allon ya buɗe a tashar ƙwallo. Na yi ta sauyawa, har wani jan fili ya bayyana ƙarƙashin fitilu masu hasken rana, mata takwas a durƙushe.

"La'ilaha! Waɗannan ba a ɗinka musu sauran kayan ba?"

"Dije, ƙafafun za ki duba," Goggo ta ce. Ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin.

Bindigar fara gudu ta tashi. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ba tsalle suke yi ba, kamar dai ƙasa ce ke sakinsu ta sake karɓa, yadda ruwa ke haura dutse bai tsaya ba. Duk shingen da suka haura, kafaɗar Goggo sai ta ɗaga. A kwanar ƙarshe gajiya ta kama su, fuskoki suka yamutse. Na gaba suka wuce. Wata can baya ta doki shingen ƙarshe ya kife, ta yi tangal-tangal, hannuwanta na laluben iska.

"Riƙe, ɗiyata! Riƙe!"

Ba ta faɗi ba. Ta ƙarasa ita kaɗai, bayan kowa.

Goggo ta ja da baya daga gilashin. "Ashe bayanshi fili ne kawai," ta ce a hankali.

Lasifika ta kawo sallamar liman. Hajiya Dije ta kashe janareto, muka yi ƙofa da sauri. Wani dogon benci ya tare hanya. Na ja Goggo mu zagaya, sai na ji ta saki hijabina. Ta laluba katakon da tafin hannu, ta tattare zanenta kaɗan, ta ɗaga ƙafar da ta karye, ta haura. Hajiya Dije ta toshe bakinta da gyale ta rangaɗa guɗa a ciki.

Komawa

Mun kwana a wurin Yaya Binta, muka ci tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa. Washegari muka biyo hanyarmu, rana na sama muka shiga Sabuwa lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga direban da ya bar buhunansa, da Hajiya Dije mai makulli a bakin zane.

A ƙofar gida na tambayi Goggo ko mafarkin ya zo mata jiya.

"Ya zo," ta ce. "Ladan ya yi ta kira, ni kuwa na riga na wuce."