Najil ɗin Yanbu da na Jizan

Duk zaman da na yi ina gyaran kifi a bangala, wato kasuwar kifin Jidda, ban tsani kowa kamar wani ɗan Cadi da aka haɗa mu teburi ba. Ƙaton banza, kai kamar tukunyar suna. Wai shi masunci ne jikan masunci, a cikin kwalekwale aka yanke masa cibiya. Ni kuwa umra na zo na maƙale, ba iƙama, wato takardar zama, teburin nan shi ne uwata da ubana. Shi tasa na aljihu, yana shafa ta kamar jaririya. Mai shagon, wani tsohon Balarabe, ya riga ya ce ɗayanmu kawai zai riƙe.

Akwai kifin da ake kira najil, ja mai ɗigon shuɗi. 'Yan Jidda girmama shi suke kamar suruki. Kuma a wurinsu ba duka ɗaya ba ne: na arewa, wajen Yanbu, wai ya fi ja da tsoka; na kudu, wajen Jizan, a koɗe yake. Tsohuwa mai dogara sanda za ta leƙa kwando ta gaya maka garin kifi, saura kaɗan ta faɗi unguwarsu.

Na yi wa ƙaton bayani. Ya ce kifi ba shi da fasfo, kuma ni ɗan tudu me na sani ban da na gwangwani.

Wata safiya motoci biyu suka sauke kaya, ɗaya daga Yanbu ɗaya daga Jizan, na tafi ɗauko ƙanƙara. Kafin in dawo ya juye kwandunan wuri guda, ya kasa su irin na bakin tafkinsu: manya nan, ƙanana can. Ya ɗaura wa Yanbu da Jizan aure, ya tsaya yana washe baki, jira yake a yaba.

Mai shago na gani ya dafe kai. Ƙaton ya nuna ni, da Larabcinsa mai santsi, ya ce ni na sa shi.

Na ce, “Kai ɗan tafki, ka ji tsoron Allah.”

Ya ce, “Yalla ɗan umra, kira 'yan sanda su raba mu.”

Ya san ba zan iya ba. Tsohon ma ya sani. Bai ko tambaye ni ba, ya ce halas, wato an gama, ya karɓe wuƙarsa daga hannuna.

Na koma unguwar Khumra dakon kwali a sito, bayana ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Shi ƙaton an ce har tumbi ya ajiye. Ban yafe ba. Allah ya sa ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro.