Ƙwaryar da Na Ɗora wa Mama Lami a Ka

Har yau idan na tuna ranar da Madam Rifkatu ta dire mini gwajin kalanda a kan tebur, sai kunya ta kama ni sabuwa fil. Ku da kuka zo aiki yanzu ba ku same ta ba. Ita ce shugabar masu tsara shafi a sashenmu na yaɗa labarai, ni kuma mai ɗaukar hoto ne a mataki na takwas, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki.

Zamani ne mai daɗi, ina kewarsa ƙwarai. Kowace hukuma tana buga kalandarta, ana gasa. Da fim muke aiki, mai hoto talatin da shida, ka wanke da hannunka a ɗakin duhu, warin maganin ya bi ka har gida. Ba ka sanin abin da ka ɗauko sai ya fito a takarda. Ƙa'idar aikin ita ce in kawo hotuna, Darakta ya zaɓi goma sha biyu da na bango, Madam ta tsara, a buga gwaji guda, ya sa hannu a fayil, sannan a kai maɗaba'a.

A shekarar Darakta, Alhaji Bello, ya ce ya gaji da hotunan gine-gine. "Sani, nemo mini duwatsu da itatuwa da tsuntsaye. A san cewa Abuja ba siminti kaɗai ba ce."

Na yi mako biyu ina yawo da motar ofis. Na samu balbelu a bayan shanu a Yangoji, na samu duwatsun Orozo bayan ruwa ya ɗauke. Hoton bango ne ya gagara. Rannan da hantsi a Paikon Kore, ƙarƙashin wata ƙatuwar ɗorawa, sai ga wata dattijuwa ta taho daga gona da ƙwarya cike da doya a kafaɗarta. Muka gaisa, ta ce sunanta Mama Lami. Da na leƙa kyamara sai na ga ƙwaryar ta yi wa rabin fuskarta inuwa.

Na ce, "Mama, ɗora a ka mana, zai fi kyau."

Ta dube ni, ta dubi motar, sannan ta ɗora. Hoton ya fito tsaf, Darakta na gani ya ce shi ne na bango. Na kwana biyu ina tafiya a ofis kamar ni na gina shi.

Sai ga Madam da gwaji a hannu. "Oga Sani, wa ya sa wannan mata ya ɗora kaya a kai?"

"Ni ne. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau, amma ba mutanenmu ba ne. Gbagyi ba ya ɗaukan kaya a kai. Kai yana ɗauke da tunani, ya ishe shi. Kafaɗa ne na kaya. Kalanda ɗin nan zai shiga ƙauyensu, shekara ɗaya cur ana yi ma tsohuwa dariya a bango. Ni dai ba zan wuce da shi ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma shekarata shida a Abuja ina ganin matan nan a bakin titi da kaya a kafaɗa, ban taɓa tambayar dalili ba. Muka je gaban Darakta. Ya saurare mu, ya ce, "Jibi za a kai maɗaba'a. Ka kawo wani kafin a tashi gobe, in ba haka ba ginin ofis zan sa."

Washegari da sassafe na koma. Na sami Mama Lami a tsakar gida, na miƙa mata gwajin. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan kamar ni, amma ba ni ba ne."

Na ce, "To Mama, me ya sa kika yarda?"

"Mota na gwamnati ne, ɗana. Tun da aka fara Abuja, in gwamnati ya ce kaza, sai mu yi. Na ce ko yanzu ɗaukan kaya ma an canza."

Na ba ta haƙuri, na nemi izinin sake ɗaukarta, na sa direba ya kai motar can nesa. Na zauna a gindin ɗorawa na kame bakina, har sai da ta gama hidimarta ta tafi gona ta dawo, wajen azahar. Inuwar tana nan a rabin fuskarta, haka na danna.

Da Darakta ya gani ya ce, "Na farkon ya fi kyau."

Madam ta ce, "Amma wannan ne gaskiya, oga."

Ya jawo fayil ya sa hannu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Idan kun fita da motar ofis kuka ce wa mutum matsa nan, cire wancan, zai yi, amma ba don ya yarda ba. Tsoron inda kuka fito yake ji. Aikinmu na ido ne da haƙuri, baki ba shi da rabo a ciki sai gaisuwa da neman izini.

Da kalandar ta fito na kai mata guda biyar da kaina. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ɗaga wa maƙwabta su gani, ta ce, "Yawwa. Ga ni nan."