Yadda Doguwar Fitila Ta Ci Makullin Ramau

Sau nawa ka taɓa kashe wa wani ido da fitilar motarka don kawai shi ya fara? Riƙe amsarka tukuna, ka ji na Ramau.

Shekara ashirin da uku yana jan bas ɗin ma'aikatan wata masana'antar sabulu. Kujera talatin da biyu, kilomita arba'in da ɗaya, tasha tara. Ƙarfe goma na dare zai kwashi waɗanda suka tashi aiki, ya bi da kowa unguwarsu. Bai taɓa makara ba, bai taɓa gogar motar wani ba, kuma duk masana'antar ba mai ƙaunarsa. Sunan ma direbobi ne suka laƙa masa, don dokarsa ɗaya ce: ka haske shi, ya haske ka. Har wasu fitilu biyu ya ƙara a goshin bas ɗin, wai ramuwar gayya ta fi gayya zafi. A gida ma haka yake. Ran da matarsa ta haska fuskarsa da tocila tana neman takalminta, tashi ya yi ya kunna ƙwan ɗaki, ya bar mata shi har asuba.

Kujerar da ke bayansa ta Mai Awo ce, matar da ke ɗora katan-katan ɗin sabulu a sikeli. Wani dare ta ga ya watsa wa mai babur wuta har mutumin ya gangara cikin ciyawa.

"Baba direba, ka ji tsoron Allah! Mutum ne fa a kan babur ɗin nan."

"Ke kika saya mini batir? Je ki auna sabulunki."

"Zan auna. Har da kai zan auna."

Ta kuwa auna. Dare shida tana ja wa kowace mota layi a bayan kwali. Mota ɗari uku da sha ɗaya suka ci karo da su, ɗari biyu da huɗu ya haske. Ta ɗauki kwalin ta dire a teburin shugaban sufuri, wani matashi da Ramau ya haifi kamarsa.

Shugaban ya kira shi ofis, bai ce ya zauna ba.

"Ran Litinin zan bi ka. Kuskure ɗaya, in karɓi makulli. Doguwar fitila ta hanya ce mai duhu da ba kowa. Ka hango mota tana zuwa, tun da sauran mita ɗari da hamsin ka yi dim, ka koma gajeruwa. Cikin gari, ko ana ruwa, ko hazo, ba ruwanka da doguwa. Wani ya haske ka, ka ƙifta masa sau ɗaya, ka mai da ido bakin titi, ka rage gudu. Sai ta ƙarshe..."

"Yaro, na fara tuƙi kana cikin zanen goyo," in ji Ramau, ya buga ƙofa ya fice.

Amma makulli makulli ne. Daren Lahadi ya kwance fitilun nan biyu da hannunsa, yana kwancewa yana tsaki.

Litinin shugaban ya zauna kusa da Mai Awo, ita da kwalinta, shi da biro. Mota ta farko, dim. Ta biyu, dim. Ta sha bakwai tirela ce, ta zo da wuta kamar rana ta faɗo titi. Yatsan Ramau ya kai kan sandar fitila. Ya ƙifta sau ɗaya. Mai tirela ko a jikinsa. Ramau ya cije leɓe, ya manna ido a farin layin gefe, ya sauko daga tamanin zuwa hamsin, ya bi direban da zagi har kakansa na uku. Amma bai rama ba.

"Rubuta wannan ma, sarkin sikeli!" ya jefa wa Mai Awo.

Mota hamsin da biyu, dim hamsin da biyu. Har ya fara jin makullin ya zauna daram.

A kilomita na talatin da uku ya tarar da wata ƙaramar mota a gabansa tana tafiyar hawainiya. Hanya siririya, ba wurin wucewa. Ya duba, ba mai zuwa, sai ya ɗaga doguwa. Hasken ya cika motar tun daga gilashin baya. Mai motar ta karkatar da madubinta. Ta fito da hannu tana kaɗawa. Ramau ya ce, "In kin gaji ki sauka." Kilomita uku haka. A wata kwana matar ta rasa titi, ta taka burki, ta zame kan tsakuwa. Bas ya yi ƙugi ya tsaya, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Mutum sha huɗu da suka rage a ciki suka haɗu da kujerun gabansu.

Matar ta fito tana huci. "Kai makaho ne, ko so kake ka makantar da ni? Tsoho da kai, ba hankali!"

Shugaban ya miƙe. "Ita ce ta ƙarshen da ba ka tsaya ji ba. In kana bin mota a baya, gajeruwa."

"Ai ba fuska da fuska muke ba! Ƙeyarta nake kallo. Ƙeya tana da ido ne?"

"Tana da madubi uku," in ji Mai Awo, ta ja layi ɗaya a kwalinta.

Shugaban ne ya ƙarasa kilomita biyar ɗin da kansa, Ramau na tsaye a bakin ƙofa kamar kwandasta.

Yanzu 'yar motar ɗaga kaya yake ja a cikin sito, takwas na safe zuwa huɗu. Sau arba'in a rana yake sauke katan a gaban sikelin Mai Awo, da ita ma ta koma aikin safe, ba sannu, ba yauwa.

Kai kuma, in ka fita da mota bayan magariba, gwada wannan: duk motar da ka tarar a gabanka, sauke fitila tun jajayen fitilunta na baya suna ƙanana, ka ƙirga sau nawa hannunka ya so ya ƙi.